Zauren Matafiya: Tambayoyinku a Kan Tsibirin Tioman

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan watan sun karkata wuri ɗaya, wato Tioman, tsibirin nan na ƙasar Malesiya da ke cikin Tekun Kudancin Sin, ƙarƙashin jihar Pahang. Ban yi mamaki ba, domin 'ya'yanmu da ƙannenmu suna da yawa a jami'o'in ƙasar, kuma wanda duk ya zauna can sai ya ji abokan karatunsa suna zancen wurin. Ni ma a zamanin da nake karatu a jihar Johor na san shi, a can na koyi nutso, na kuma yi ta komawa har na baro ƙasar. Na taƙaita wasiƙun, waɗanda suka yi kama da juna kuma na haɗa su.

TAMBAYA: Malam, ina karatun digiri na biyu a Johor. Maiɗakina za ta zo mini a watan Disamba, ina so in kai ta Tioman kwana uku. Ta ina ake bi, kuma a wane ƙauye za mu sauka? Mu biyun babu wanda ya iya iyo. Daga wani ɗalibi, Johor Bahru.

AMSA: Ƙanena, Allah ya kawo ta lafiya. Amma ka sake lokacin tafiyar. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar damina ke bugo gabashin Malesiya daga arewa maso gabas, teku ya yi ta tashi, jiragen fito su ragu, wata rana ma a soke tafiya gaba ɗaya. Masaukai da yawa rufewa suke yi, ruwan kuma ya dame har ba ka iya ganin abin da ya kawo ka. Wanda ya shiga da niyyar kwana uku yana iya wayar gari babu jirgin da zai fitar da shi. Lokacin Tioman shi ne daga Maris zuwa Oktoba. In dai Disamba ce kaɗai kuke da ita, ku nufi yammacin ƙasar, wajen Langkawi, can ne rani yake a wannan lokacin. Tioman kuma ku bar shi sai wata zuwan.

Hanya daga wurinka ba ta da wuya. Ka hau bas a tashar Larkin zuwa garin Mersing, tafiyar awa biyu da wani abu ce. Mai tasowa daga Kuala Lumpur kuwa tashar TBS zai je, shi tasa tafiyar ta kai awa biyar zuwa shida. A Mersing ake hawa jirgin fito, ya ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Abin da ke rikita baƙi shi ne lokacin tashin jirgin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tashar a bakin kogi take, idan teku ya janye ruwan ba ya isar jirgi, don haka cikowar teku ce ke tsara jadawali. Yau jirgi zai tashi da hantsi, jibi sai bayan azahar. Ka fara duba lokacin jirgi, sannan ka yanki tikitin bas. Akwai wata tashar a Tanjung Gemok, arewa da Mersing, ita ma ana hawa a can. Ku riƙe rigar sanyi, don na'urar sanyaya cikin jirgin tana da ƙarfi, kuma in maiɗakinka ba ta taɓa hawa teku ba, ta sha maganin jiri kafin a tashi.

Jirgin ba wuri ɗaya yake sauke mutane ba. Ƙauye-ƙauye yake bi ta gefen yamma, ya tsaya Genting, Paya, Tekek, Air Batang da Salang, ma'aikata suna kiran suna. Ka san sunan ƙauyenka ka kuma kasa kunne, domin babu titin da ya zagaye tsibirin. In ka sauka inda ba naka ba, sai ka biya ƙaramin kwale-kwale mai inji, kuma da tsada.

Tekek shi ne babban ƙauye, nan asibiti yake, da ofishin 'yan sanda, da ƙaramin filin jirgin sama, da na'urar cirar kuɗi. Kada ka dogara da na'urar nan, ka ciro ringgit ɗinka tun daga Mersing. Air Batang, wanda kowa ke ce wa ABC, ƙauye ne mai siririyar hanyar siminti da ƙananan ɗakunan katako masu sauƙin kuɗi, ga makarantun nutso jere. Salang yana can ƙurya ta arewa, ruwansa garau, amma da daddare akwai kiɗa da hayaniyar matasa. Ga mai iyali ni Juara nake zaɓa, ko kuma ABC in aljihu bai yi nauyi ba. Juara ita kaɗai ce a gefen gabas, sai an tsallaka dutse da mota mai ja da ƙafa huɗu daga Tekek, rairayinta dogo ne, babu cunkoso, kuma daga cikin teku rana ke ɓullo muku bayan asuba.

Batun rashin iya iyo bai hana ku ganin ƙarƙashin ruwa ba. Ana ba da hayar tabarau na ruwa da bututun numfashi da rigar da ke hana nutsewa. Mutum zai kwanta rub da ciki a saman ruwa, fuskarsa a ciki, yana shaƙar iska ta bututu da baki. Ku fara gwadawa inda ruwa bai wuce ƙugu ba kuma ƙasa rairayi ne, har numfashin ya zauna muku. Kada ku cire rigar ko da kun ga kun saba, kada ɗayanku ya shiga shi kaɗai, kuma ku faɗa wa mai kwale-kwale tun kafin a tashi cewa ba ku iya iyo ba. Babu abin kunya a ciki, da yawa daga cikin waɗanda yake ɗauka haka suke. Sannan tunda an ɗaga tafiyar, ka yi amfani da watannin nan. Jami'arka ba za ta rasa wurin iyo ba, ka je ka koya. Sannu ba ta hana zuwa.

TAMBAYA: Malam, ƙawayena 'yan ajinmu za su je, suna so in bi su. Ina tsoron wurin tsiraici ne da shaye-shaye. Mace mai hijabi za ta iya shiga ruwa kuwa? Yaya abinci da salla? Daga wata ɗaliba, Kuala Lumpur.

AMSA: 'Yata, tsoronki yana da dalili, amma bari in ba ki hoton yadda yake. Mutanen Tioman Malayawa ne, Musulmi, jikokin masunta. A Tekek akwai masallacin Juma'a, a sauran ƙauyukan akwai masallatan unguwa, za ki ji kiran salla daga ɗakinki. A gefe guda kuma Turawa suna zuwa da yawa, shigarsu ta bakin teku suke yi, kuma da yake tsibirin yana cikin wuraren da gwamnati ta ɗauke wa harajin kaya, giya tana da arha, akwai wuraren shanta. Dukansu biyun suna nan. Abin da ke hannunki shi ne zaɓen ƙauye da masauki. Ku guji tsakiyar Salang da daddare, ku nemi masaukin da iyalin Malayawa ke gudanarwa a Juara ko Genting ko Paya. A ƙarshen mako da lokacin hutun makaranta iyalan Malesiya ne ma suka fi yawa a irin waɗannan wurare.

Shiga ruwa da sutura kuwa ba baƙon abu ba ne a can. Matan Malayawa suna shiga da dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗankwalin iyo mai kama kai, ana sayar da su a manyan kantunan Kuala Lumpur. Ki saya tun kafin ku tashi. Abin da zan hana ki shi ne shiga da doguwar abaya ko zurmemen hijabi. Yadi mai yawa idan ya sha ruwa nauyi yake yi, ya naɗe ƙafa, ya rufe fuska, kuma wannan haɗari ne na gaske. Ki ajiye zanenki ko abayarki a cikin kwale-kwale, kina fitowa ki yafa. In nutso za ki koya, rigar roba ta masu nutso tana rufe jiki daga wuya har idon sawu, kuma kina da damar ki rubuta wa makarantar tun da wuri ki ce mace kike so ta koya miki. Akwai mata masu koyarwa.

Abinci ba zai ba ki wahala ba. Da safe akwai nasi lemak, shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, da roti canai da shayin madara. Da yamma a nemi ikan bakar, gasasshen kifi da yaji. Shagon Malayawa halal ne. In kuka shiga wanda ba nasu ba, ki tambaya.

Alƙibla ce nake so ki kiyaye. Mu da muka tashi muna fuskantar gabas, a Malesiya yamma ake fuskanta, a ɗan karkata arewa. Yawancin ɗakunan baƙi suna da kibiya a jikin silin ko cikin aljihun tebur, ki duba. Mutanen ƙasar 'yan mazhabar Shafi'iyya ne, don haka in kika bi jam'in asuba za ki ji liman ya yi alƙunutu a bayyane bayan an ɗago daga ruku'u, hannuwa a sama. Ki bi su kawai. Kuma ki sanar da iyayenki da wa za ki tafi, da inda za ku sauka.

TAMBAYA: Malam, ina so in yi kwas ɗin nutso in samu takarda. Nawa ne kwanakinsa? Ƙanena ma yana so, amma shi mai sikila ne, ni kuma AS. Daga wani matashi, Selangor.

AMSA: Ɗana, na gode da ka faɗi wannan tun yanzu, domin amsar ƙanenka ita ce a'a. Mai cutar sikila ba ya nutso da tukunyar iska. Sanyin ruwa, da gajiya, da bushewar jiki, duk abubuwa ne da ke tayar masa da ciwo, kuma ciwon da ya tashi a ƙarƙashin mita goma sha biyar na ruwa, a tsibirin da asibitinsa ƙarami ne, ba abin da za a gwada ba ne. Na san zai ji ba daɗi. Ka zauna da shi ka yi masa bayani, ka kuma nuna masa cewa daga saman ruwa, da rigar kariya, cikin ɗan lokaci kaɗan, zai ga mafi yawan abin da za ka gani, in likitansa ya amince. Kai mai AS kuwa, ka je wurin likita kafin ka biya kuɗin kwas, ka faɗa masa ainihin abin da za ka yi, shi zai yanke. Makaranta za ta ba ka takardar tambayoyin lafiya. Ina roƙon duk mai karanta wannan shafi ya cike ta da gaskiya. Asma, farfaɗiya, ciwon zuciya, matsalar huhu ko kunne, da juna biyu, duk ana tambaya, kuma ba don a hana mutum jin daɗi ake yi ba.

Kwas ɗin farko na PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso ta ba su takarda, wanda suke kira Open Water, kwana uku ne zuwa huɗu. Akwai karatu, akwai gwaji a ruwa marar zurfi, sannan nutso huɗu a teku. Kafin a ba ka takarda sai ka yi iyo na mita 200 ka kuma zauna a saman ruwa minti goma ba tare da ka riƙe komai ba. In ka ci, an yarda ka sauka har mita 18 tare da abokin nutso. Wanda yake so ya ɗanɗana kawai, akwai shirin yini ɗaya wanda malami ke riƙe da kai, ba a wuce mita 12.

Mutane da yawa suna zaton iskar asibiti ce a cikin tukunyar. Iskar da muke shaƙa ce aka matse, kashi 21 cikin ɗari oksijin, sauran kusan duka naitirojin. Duk mita goma da ka sauka, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke bisa kanmu a doron ƙasa. Daga nan dokokin nutso suka samo asali. Kunne zai fara yi maka zafi tun daga mita biyun farko, sai ka toshe hanci ka hura a hankali, kana yi kana sauka. In ya ƙi, ka ɗan hau, kada ka matsa. Mai mura ya haƙura sai ya warke. Doka mafi girma ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. Iskar da ka shaƙa a mita goma ninki biyu take zama kafin ka iso sama, in ka rufe mata hanya huhu ne zai yage. Sannan naitirojin yana narkewa cikin jini muddin kana ƙasa, in ka taso da gaggawa sai ya yi kumfa kamar lemon kwalba da aka buɗe bayan an girgiza, kumfar ta shiga gaɓoɓi ko laka. Shi ya sa ake hawowa sannu a hankali, a tsaya minti uku a mita biyar. Shi ya sa kuma ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 18 bayan nutso mai yawa, ni dai cikakken yini nake bayarwa.

Wajen zaɓen makaranta kada arha ta ja ka. Ka tambayi ɗalibai nawa malami ɗaya ke ɗauka, in sun wuce huɗu ka duba wata. Ka tambaya ko suna da iskar agajin gaggawa a cikin kwale-kwale. Ka kuma nemi malamin da ke ɓata lokaci wajen koya wa ɗalibi daidaita jikinsa a tsakiyar ruwa, ba ya nutsewa ƙasa, ba ya tasowa sama. Wanda ya iya wannan iskarsa takan daɗe, hankalinsa a kwance yake, ƙafarsa kuma ba ta karya komai. Bayan ka samu takarda ka nemi a kai ka Renggis, ƙaramin tsibiri ne kusa da Tekek mai sauƙi ga sabon hannu, sannan Soyak, daga baya Chebeh da Labas inda ake ratsawa tsakanin manyan duwatsu.

TAMBAYA: Malam, ɗana ya ce an karɓi kuɗi a hannunsa kafin ya hau jirgi wai na kare teku, kuma an hana shi ɗauko mini ko guntun murjani, alhali ga shi nan zube a bakin ruwa. Har kamun kifi an hana. Wannan ba takura ba ce? Teku ai ba ya ƙarewa. Daga wani Alhaji, Kantin Kwari, Kano.

AMSA: Ranka ya daɗe, Alhaji, ɗanka ya kyauta da ya bi doka. Tun 1972 aka ware kurmin Tioman a matsayin gandun namun daji, a 1994 kuma aka ayyana ruwan da ke kewaye da shi a matsayin gandun teku, ƙarƙashin dokar kamun kifi ta 1985. Iyakar gandun mil biyu ne na teku daga gaɓa. A cikin wannan da'ira ba a kama kifi, ba a ɗaukar murjani mai rai ko matacce, ba a kwasar katantanwa ko rairayi, ba a jefa anga a kan murjani. Wanda aka kama ana iya cin sa tara, ko a ɗaure shi, ko duka biyun. Kuɗin da aka karɓa kuwa kowa yana biya, baƙo ya fi ɗan ƙasa. A zamanina ringgit 30 ne ga baƙo babba.

Amma ba tsoron tara nake so ya zama dalili ba. Murjanin nan da ake gani kamar dutse, halitta ce mai rai. Ƙananan dabbobi ne masu laushi, dubbai a wuri ɗaya, kowace tana gina wa kanta ɗaki na farin dutse, 'ya'ya su gina a kan na iyaye. Mai rassa yakan ƙaru da kamar santimita goma a shekara, dunƙulallen kuwa da ƙyar yake yin santimita ɗaya. Wanda ya kai tsawon mutum ya girmi kakanninmu. Mutum ɗaya da ya gaji da iyo ya tsaya a kansa don ya gyara tabarau ya karya aikin shekaru. Yanzu Alhaji ya lissafa dubban da ke zuwa kowace shekara, a ce kowa ya taka sau ɗaya, ya kuma saka guntu ɗaya a aljihu.

Shi ma mataccen da ke zube a gaɓa yana da aiki. Shi ne igiyar ruwa ke niƙawa ya zama farin rairayin da mutane ke ketare duniya don su gani, ƙananan halittu kuma a ƙwanson katantanwa suke fakewa. Ba ma irin wanda iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya ba ne. Wancan jan murjanin asalinsa daga Bahar Rum ake samo shi. Na Tioman in ya bushe fari ne fat, mai rugurgujewa, in aka kawo shi Kano babu abin da zai yi sai tara ƙura a kan kabad.

Cewa teku ba ya ƙarewa, ruwansa ne ba ya ƙarewa. Wuraren murjani ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku a nan suke rayuwa ko suke hayayyafa. Kifin da aka bari ya girma a cikin gandu, 'ya'yansa ne ke fita waje su shiga komar masunta. Hanin yana ciyar da masuncin da aka hana.

Kuma murjanin yana fama da wata cutar da ta fi ƙafar baƙo. A cikin jikinsa akwai ƙananan tsirrai da ke ba shi abinci da launi. Idan ruwa ya ɗumama fiye da yadda ya saba, ko da digiri ɗaya ne, ya kuma ɗauki makonni a haka, sai murjanin ya fitar da su, ya koma fari. Bai mutu ba tukuna, amma yunwa yake ji, in zafin ya daɗe sai ya mutu. A 2010 abin ya yi tsanani har hukuma ta rufe wasu wuraren nutso a Tioman da wasu tsibiran na tsawon watanni. A 2024 ma an sake samun irin wannan a tekunan duniya. Na taɓa iyo a kan fili guda da ya yi fari haka, kifayen sun watse, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Zafin teku ba ya hannun ɗanka, amma murjanin da ba a taka shi ba, ba a zuba masa shara ba, ya fi saurin farfaɗowa.

Mutanen wurin ma sun san darajar abinsu. Akwai matasan tsibirin da ƙungiyar Reef Check Malaysia ta horar, suna nutso su kwance tsofaffin tarun da suka maƙale, su cire wata halitta mai ƙaya da ke cin murjani. A 2023 an kawo shirin cike wani yanki na teku don gina sabon filin jirgin sama, jama'a suka yi ta ƙorafi, a watan Agusta majalisar ministocin ƙasar ta ƙi amincewa. Na yi murna da wannan hukunci. In tsaraba ake so, Alhaji, a ce wa yaron ya sayo atamfar batik da cakulan, ya kuma ɗauko hoto.

TAMBAYA: Malam, ni ruwa ba ya burge ni, tafiyar daji nake so. Akwai abin yi? Daga wani malamin makaranta, Zariya.

AMSA: Akwai, Malam, har ya yi yawa. Ƙauyukan siririn layi ne kawai a bakin ruwa, duk abin da ke bayansu dutse ne da kurmi. Hanyar da kowa ke farawa da ita ita ce ta Tekek zuwa Juara, kimanin kilomita bakwai, awa biyu zuwa uku. Kusa da masallacin Tekek take farawa. Rabin farko hawa ne, matakala bayan matakala a ƙarƙashin itatuwan da sai ka ɗaga kai sosai kafin ka ga ƙarshensu, rana ba ta taɓa ka. Rabin na biyu gangara ce a kan titin siminti, ita ce ma ta fi cin gwiwa. Ka fita bayan asuba. Zafin can ba irin namu ba ne, iska a jiƙe take, gumi ba ya bushewa, mutum yakan ƙare da ƙishirwa bai ankara ba. Ka ɗauki ruwa lita biyu, da takalmi mai kama ƙasa, ka faɗa wa mai masauki inda ka nufa. In ka gaji, akwai motar da za ta dawo da kai.

Daga ABC zuwa Salang ma akwai hanya ta Monkey Beach, wayar lantarki take bi, amma ta fi wuya, ga saiwoyi ga santsi. A kudu, kusa da ƙauyen Mukut, akwai tagwayen duwatsu masu tsini da ake gani tun daga cikin jirgi, da ruwan Asah mai zubowa daga kan dutse. Mutanen wurin suna da tatsuniyar cewa tsibirin wata gimbiyar dodanni ce da ta taso daga Sin za ta Singafo, ta sauka hutawa ta zama ƙasa, duwatsun nan ƙahonninta ne. Abin da tarihi ya tabbatar kuwa shi ne matuƙan jiragen Larabawa sun san wurin fiye da shekara dubu da suka wuce, suna tsayawa ɗibar ruwan sha a hanyarsu ta zuwa Sin. Dutse mafi tsawo shi ne Gunung Kajang, mita 1,038, shi kam ba a hawansa sai da ɗan jagora.

Za ka haɗu da birai masu dogon wutsiya. Kada ka ba su abinci, kada ka riƙe leda a hannu, don sun san ƙarar leda, kuma cizonsu sai an je asibiti. Za ka ga guza manya-manya, musamman a rafin Salang, ba ruwansu da kowa. Da magariba ka tsaya a Tekek ka kalli manyan jemagu suna tashi daga itatuwan bakin ruwa. A rairayin Juara akwai ƙyashi, ƙananan ƙwari masu cizo da ƙaiƙayinsu ke kwana da kwanaki, ka shafa magani ka kuma guji kwanciya a kan rairayi kai tsaye. Ruwan rafi kuma, duk yadda ya yi garau, kada ka sha. A 2011 da 2012 matafiya da dama sun koma ƙasashensu da zazzaɓi da ciwon tsoka bayan sun ziyarci Tioman, bincike ya danganta abin da wata ƙwayar cuta da ke shiga ta gurɓataccen ruwa ko abinci. Ruwan kwalba ko tafasasshe kawai.

In ka isa Juara ka leƙa wurin kula da kunkurun teku, Juara Turtle Project. Uwar kunkuru takan fito da daddare ta haƙa rami ta zuba ƙwai kamar ɗari, su ƙyanƙyashe bayan kusan wata biyu. Masu aikin suna kwashe ƙwan zuwa wurin da aka killace don kada mutane ko guza su cinye. In ka yi sa'a ka tarar da uwa tana nasa ƙwai, ka kashe tocila, ka tsaya nesa ta bayanta, don haske yana mayar da ita ruwa ba ta gama ba.

TAMBAYA: Akwai kifin shak? Kuma daga Najeriya me mutum zai tanada? Daga wata ma'aikaciyar jinya, Kaduna.

AMSA: Akwai, 'yar'uwa, ƙananan nan masu baƙin tabo a bakin fiffike, a Renggis aka fi ganinsu. Tsoron mutum suke yi, da wuya ma su bari ki matso. Abin da ya fi raunata baƙi shi ne bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, da kaifin murjani, da ƙunar rana a baya da ƙwauri, kuma duk ukun ana kauce musu in mutum ya rufe jikinsa bai kuma taka abin da ba rairayi ba.

Ɗan Najeriya sai da biza yake shiga Malesiya, tun daga gida ake nema, kuma za a tambayi katin rigakafin shawara. Ki fara neman bizar da wuri, kada ki yanki tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin ta fito. Ki sayi inshorar tafiya, in kuma za ki yi nutso ki tabbatar an rubuta nutso a ciki, don da yawansu ba sa ɗaukarsa. A ranar dawowa ki bar kwana ɗaya tsakanin jirgin fito da jirginki na sama daga Kuala Lumpur, saboda jadawalin Mersing yana iya sauyawa.